Ranar da Gam Ya Manna Hannuna da Na Baffa

Shekarun baya, tun ina haya a Tumfure, nan Gombe, lokacin da in ka leƙa ta taga gonar masara kake gani ba katangar maƙwabci ba, wani abu ya faru tsakanina da mahaifina a kan tayar motar wasa. E, motar wasa, irin mai rimot ɗin nan. Jiya matata tana share saman durowa ta sauko da kwalin, ta ce, "Wai wannan tarkacen naka sai yaushe za a rabu da shi?" Na karɓe abina na buɗe. Tun daga lokacin abin ya ƙi barin raina, shi ya sa na ce bari in ba ku labarin ko na ji sanyi.

Ni ɗan fari ne. Wanda ya tashi a gidan da ake fulako ya san abin da hakan yake nufi, wanda bai sani ba kuma bari in gaya masa. Mahaifina, da muke kira Baffa, bai taɓa kiran sunana ba. In zai yi maganata sai ya ce wa mahaifiyata, wato Inna, "mutumin naki", ko kuma "shi wancan". Ana yaye ni aka kai ni Kwadon wajen kakata, ban dawo gidanmu na Tudun Wada ba sai da zan shiga sakandare. In na shigo zaure yana zaune, daga nesa zan durƙusa in gaishe shi, ya amsa yana murɗa rediyo. Ba ƙi ba ne, kowa ya san ba ƙi ba ne. Duk abin da nake buƙata a hannun Inna nake tarar da shi tun kafin in buɗe baki. Amma ƙannena suna hawa jikinsa, suna jan gemunsa, ni kuwa ko musabaha ba mu taɓa yi ba. Na girma ina cewa ko a jikina, alhali abin yana ci na.

Baffa direban babbar mota ne. Tumatir da albasa da hatsi yake ɗauka daga nan ya kai Kudu, ya dawo da manja da katako. Abin da na fi tunawa da aikinsa shi ne safiyar tafiya. Sai ya zagaye motar da guntun ƙarfe a hannu, ya bubbuga kowace taya ya kasa kunne, yana bisimilla ƙasa-ƙasa. Ni ina laɓe a bakin zaure ina kallo. Wallahi akwai ranar da na yi kishin taya.

Bayan ya ajiye tuƙi da 'yan shekaru, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi. Ɓangaren dama ne ya tafi, hannu da ƙafa, bakin ma ya ɗan karkace, maganarsa ta yi nauyi. Da aka sallame mu, masu gashin ƙashi na asibiti suka yi mana bayani ba ɓoye-ɓoye. Suka ce watannin farkon nan su ne komai. Dole wani mai ƙarfi ya riƙa ɗaga shi safe da yamma yana taka ƙafar, dole kuma ya riƙa sa hannun aiki, in ba haka ba za su sandare, shi ke nan. Suka ba shi wata ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Muna isa gida ya sa hannun hagu ya gangarar da ita ƙarƙashin gado, ya ce shi ba yaro ba ne.

To wa zai ɗaga shi? Ƙanena namiji yana can Kudu yana aiki, matan duk suna gidajensu. Ni ne kaɗai. Ni ɗin kuma ya ƙi. Da na matso kusa sai ya kawar da kai ya ce wa Inna, "Ki ce ya bari." Sai Inna, 'yar ƙaramar mace da ko bokitin ruwa ba ma bari ta ɗauka, ta sa kafaɗa ta ɗago wannan dogon mutum. Wata rana suka faɗi tare a ƙofar banɗaki. Ba ta gaya min ba, sai ganinta na yi tana sallar la'asar a zaune. Da na matsa mata ta ce, "Bayan ne ya ɗan riƙe, ba komai." Na dubi hannun Baffa a kan cinyarsa, yatsun sun fara lanƙwashewa ciki. A ranar na san in aka ci gaba a haka, marasa lafiya biyu za mu kwantar, shi kuma ba zai sake takawa ba.

Na yi magiya ta bakin Inna, na turo ƙanin Baffa ya yi masa magana, har limamin unguwa ya zo ya ce lalura ta wuce kunya. Baffa ya saurare su tsaf ya ce Allah ya yi albarka, bai sauya komai ba. Kullum in na tashi daga ofis sai in hau keke zuwa Tudun Wada, in zauna a tsakar gida kamar baƙo, in kalli uwata tana nishi da nauyin da ya kamata a ce ni na ɗauka. Daga nan in sake hawa keke wannan doguwar tafiya zuwa Tumfure, raina a jagule.

Ina da wani aboki tun na sakandare, Ibo ne haifaffen Gombe, mai shagon kayan lantarki a kasuwa. In yana Hausa ta waya ba za ka ce ba ɗan Tudun Wada ba ne. Shi abin da ya ɗauke masa hankali a duniya motocin rimot ne, ba irin na yara da ake sayarwa da salla ba, manya masu gudun tsiya. Duk Lahadi in ya taso daga coci sai ya zo wani fili a bayan unguwarmu yana tayar da ƙura, ni kuma in tsaya ina yi masa tsiya, gardi da gemu da 'ya'ya yana bin motar wasa. Wata Lahadi na kasa yin tsiyar, ya lura, ya tambaye ni, na zazzage masa komai.

Sai ya buɗe bayan motarsa ya ɗauko wani kwali ya dire min. Wata babbar mota ce ja, mai buɗaɗɗen baya, tsawonta ya kai kamu guda da ɗoriya.

"Kai wa Baba," in ji shi.

Na ce, "Kai ma dai. Mutumin da ya ƙi ƙwallon asibiti shi zai karɓi motar wasa?"

"Wa ya ce ka ba shi? Ka je ka tuƙa a gabansa kawai. Na ga tuƙinka ai. Babu direban da zai kalle ka ya iya yin shiru."

Na zage shi, ya yi dariya. Sai ya nuna min tayoyin. Sababbi ne, robar daban, rim, wato ƙafar da robar ke zama a kai, daban, ga wasu zagayayyun soso. Ya ce irin waɗannan ba a hura musu iska, soso ake sakawa a ciki, sannan a manna bakin robar a jikin rim da gam, in ba haka ba da an taka wuta za su fice.

"Ka fara goge bakin rim da bakin robar da sifirit, don akwai maiƙo a jiki. Ka saka soson ya zauna daidai, kada ya tattare gefe guda. Sai ka ɗan janye leɓen robar, ka ɗiga gam, ka sake shi, ka matsa gaba. In ka zagaye sai ka ɗaure da robar nan ta ɗaure kuɗi, ka bar shi ya sha iska." Ya ɗaga 'yar kwalbar gam ɗin har saitin hancina. "Wannan ba irin na gyaran silifas ba ne. Ruwa ne tsararo, da kansa yake gudu ya zagaye. Ɗigo-ɗigo, ka ji ko? Ɗigo."

Na ce na ji. Jama'a, ban ji ba. Hankalina yana can wajen yadda zan shiga gidan ubana da motar wasa a hammata.

Ranar Asabar na je da hantsi ya ɗaga sosai. Damina ce, garin ya yi luf. Inna ta riga ta fito da Baffa da ƙyar, yana zaune a kan tabarma a gindin darbejiya, ya jingina da matashi. Na gaishe shi daga nesa kamar kullum, na koma can gefe na buɗe kwali. Don gaggawa ban tsaya wani gam ba, na cusa soso, na tura robar a kan rim, na ɗaura. Na ja kunamar rimot ɗin.

Abokina bai yi ƙarya ba. Motar ta zabura ta daki gindin randa, na juya ta, ta bi kajin Inna har bakin akurki, na sake juyawa ta shige ƙarƙashin turmi. Inna tana ta salati tana cewa, "Yau ga babban banza! Da girmanka?" Na saci kallon Baffa. Fuskarsa tana kallon katanga, amma idon yana bin motar. Sai na ce bari in burge, na ja kunamar har ƙarshe. Tayar baya ta kumbura, ta fice fit daga rim, ta yi sama, ta faɗo ta gangara, ba ta tsaya ko'ina ba sai a gefen tabarmar Baffa.

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya miƙa hannun hagu ya ɗauka. Ya juya ta, ya matsa, ya leƙa ciki. Can ya ce wa Inna, da muryarsa mai nauyi, "Tambaye shi, ina bawul?"

Inna ta juyo. "Wai ina bawul?"

Na ce, "Ba ta da shi. Ba a sa mata iska."

"Wai ba a sa mata iska."

"To me ke riƙe ta?"

"Wai me ke riƙe ta?"

"Gam ake sa wa. A manna ta da rim."

Wannan kam bai jira Inna ta isar ba. "Gam? A manna taya da gam? In ta yi faci a daji fa?"

Ni ma na manta na amsa kai tsaye. "Ba ta faci, Baffa. Soso ne a ciki."

"Soso," ya maimaita, kamar na zagi sana'ar gaba ɗaya. "Allah ya kyauta." Amma bai ajiye tayar ba.

Inna ta dube shi, ta dube ni, ta dafa bayanta ta miƙe. "Ni kam na gaji da aike tsakanin mutum biyu da ke jin juna. Ga ka ga shi. Tuwona zai kama." Ta shige madafi. Na san babu wani tuwo a kan wuta a wannan lokacin.

Na kwaso kayan na matso, ba can kusa ba, bakin tabarma. Na kwance tayoyin na fara gogewa da sifirit yadda aka ce. Na ɗauki ɗaya zan manna, nan na gane aikin ba na hannu biyu ba ne. Kana buƙatar hannun da zai danne rim, da wanda zai janye leɓen roba, da wanda zai ɗiga gam. Na sa gwiwa na danne, ta suɓuce. Na sa haɓa, ta sake suɓucewa. Baffa yana kallo yana tsaki ƙasa-ƙasa, har ya kasa daurewa. Ya dubi wajen madafi, babu Inna. Sai ya ce wa iska, "A kawo nan."

Na matsa na ajiye tayar a kan wani faranti a gabansa. Ya sa yatsun hagu ya janye leɓen robar tsaf, ka san hannun da ya saba. Amma da ya ja sai duk tayar ta biyo shi. Ya sake gwadawa, ta sake biyowa. Sai na ga ya saki, ya kama hannunsa na dama da na hagu, ya ɗago shi, ya ɗora a kan tayar don ya danne. Tun da ya kwanta ban ga ya nemi wani abu a wajen hannun nan ba sai ranar. Hannun ba shi da ƙarfin dannewa, yana zamewa, sai na sa nawa na hagu a gefen nasa na tallafe. Bai ce in bari ba.

Saura gam. Bakin kwalbar siriri ne kamar allura, na matsa na ga abin yana fitowa da ƙyar. To ni duk gam ɗin da na sani a rayuwata na gyaran silifas ne da hannun buta, wanda ake yanke baki a malala, a barbaɗa yashi a kai. A ganina yawan gam shi ne ƙarfin aiki. Na sa haƙori na gatse bakin kwalbar, na kafa a inda Baffa ya janye, na matsa da zuciya ɗaya.

Kafin in ƙifta ido ya zagaye rim ɗin, ya malalo, ya bi ƙarƙashin babban yatsan Baffa, ya shige tsakanin yatsunsa da nawa. Na ji wani ɗumi. Na ce bari in janye in goge, hannun Baffa ya biyo ni. Na tsaya. Na sake ja a hankali, ya sake biyowa, har da taya tana reto. Tayar dai na samu na ɓamɓare ta daga babban yatsansa, amma yatsunsa biyu sun manne da nawa biyu ƙam, fata da fata.

Baffa ya dubi hannayen. Ya ɗago ya dube ni, ido cikin ido, abin da ban san ya taɓa yi ba. Ya ce, "Kai wane irin makanike ne?"

Inna ta leƙo don ganin abin da ake ciki. Da ta gane abin da ya faru, sai ta zauna a bakin madafi ta rufe fuska da gefen zane, kafaɗunta suna rawa. Tun ranar da aka kai Baffa asibiti ban ji dariyarta ba. Tana yi tana riƙe baya tana cewa, "Wayyo bayana, ku bar ni!"

Na laluba waya da hannu ɗaya na kira abokina. Sai da ya gama tasa dariyar, har ina jin yana ba maƙwabcin shagonsa labari, sannan ya ce, "Kada ku ja, fatar Baba za ta yage. Akwai ruwan goge jan farce a gidan?"

Na ce, "A gidan da lalle kawai aka sani?"

"To ruwan ɗumi da sabulu, ku jiƙa. In akwai man gyaɗa ku riƙa shafawa kuna murzawa a hankali. Zai ɗau lokaci fa. Ba na ce maka ɗigo ba?"

Inna ta ɗora ruwa. Muna zaune muna jira, hannu a hannu, kowa yana kallon wani wuri daban. Sai iska ta taso. Wanda ya san hadarin Gombe ya san ba ya sallama. Gabas ta yi baƙi, ganyen darbejiya ya fara zubo mana, kafin ruwan Inna ya yi ɗumi manyan ɗigo sun fara sauka. Inna ta fito da sauri ta sunkuya za ta sa kafaɗa kamar yadda ta saba, bayan ya riƙe ta, ta tsaya a sunkuye ta kasa gaba ta kasa baya. Ko da lafiyarta ma, ta ina za ta ɗaga shi ina manne a jikinsa?

Ban nemi izini ba. Na durƙusa a gabansa, na zagaya hannuna na dama ta bayansa, na ce, "Baffa, bisimilla." Na ɗago shi.

Wallahi ban san ya rame haka ba. Mutumin da nake gani kamar katanga, ga ƙasusuwan bayansa a tafin hannuna. Kansa ya sauka a kafaɗata, na ji ƙanshin man da yake shafawa, wanda na sani daga nesa shekara da shekaru. Na zaci zai ce in sake shi. Sai na ji ya ce, "A hankali. Ƙafar dama tukuna." Muka taka, yana jan ƙafar, ina jiransa, ruwa yana dukanmu, hannayenmu da suka manne suna tsakanin ƙirjina da nasa. Tafiyar da ba ta fi daga nan zuwa can ba, kafin mu kai ɗaki mun jiƙe sharkaf. Na gode wa Allah da ruwan, don ba wanda ya gane abin da ke zuba a fuskata.

Na zaunar da shi a bakin gado, dole na zauna a gefensa. Inna ta lulluɓa masa bargo, ta kawo roba da ruwan ɗumi da sabulu ta ɗora a kan kujera 'yar tsugunne, muka tsoma hannu. Ruwa yana ta dukan kwano. Ina murza yatsun a hankali da man gyaɗa, shi kuma ya sunkuyar da kai yana kallon cikin robar. Can ya ce, "Ke, zo ki gani."

Inna ta matso.

"Dubi babban yatsansa. Ya lanƙwasa baya. Irin nawa ne sak."

Inna ta ce, "Sai yau ka sani? Da shi aka haife shi."

Ya ci gaba da kallo. Sai na ji wani abu a cikin ruwan, motsi kaɗan, kamar na ɗan tsako a tafin hannu. Yatsunsa ne, na hannun da muka fara fid da rai da shi, suke ƙoƙarin matse nawa. Ban ɗago ba, ban ce komai ba, don na san in na yi magana zai daina. Na bar murzawar na tsaya cak. Gam ɗin ya riga ya fara saki tun ɗazu, ina ji, na tabbata shi ma yana ji. Ba wanda ya janye a cikinmu har ruwan ya huce.

Da aka kira la'asar, Inna ta taso za ta ɗaga shi ya yi alwala. Ya ce, "Bari. Je ki huta da bayan nan." Ya kawar da kai wajen taga, ya miƙo hannun hagu ta inda nake.

Daga ranar ni nake ɗaga shi. In biyo da sassafe kafin ofis, in dawo da yamma, mu zagaye tsakar gida. Sauran tayoyin ma tare muka manna, da sabuwar kwalba, ɗigo-ɗigo, shi yana dannewa da hannun dama yana janye leɓe da na hagu, ni ina ɗigawa. Sai dai ya kafa doka, taya ɗaya a yini, wai aikin gaggawa shi ya jawo mana na farko. In ta bushe sai ya ƙwanƙwasa ta da cokali ya kasa kunne, soso ne fa a ciki, amma sai ya yi. Da muka gama duka na ce to an kammala. Ya ce wa Inna, "Tambaye shi, a ina ya taɓa ganin mota ba safaya?" Na koma wajen abokina na karɓo wata. Muka manna. Bayan kwana biyu ya ce hanyar Kudu safaya ɗaya ba ta isa. Abokina ya ce, "Wai Baba tirela yake haɗawa ne?" Amma duk lokacin da ya yi odar kaya sai ya sa da tayoyi a ciki, kuma bai taɓa bari na yi masa maganar kuɗinsu ba.

Baffa ya taka da sanda kafin wata daminar. Hannun bai dawo duka ba, amma ya kai yana cin tuwo da shi, yana kuma jan kunamar rimot da yatsa ɗaya. In ya tuƙa motar nan a tsakar gida, a hankali yake bi da ita tsakanin randa da turmi, ya yi ribas ya ajiye ta a gindin darbejiya daidai, ko kaza ba ta tashi. Bayan Inna ma ya warke. Ya ƙara wasu shekaru masu daɗi tare da mu, sannan Allah ya karɓi abinsa. Har ya rasu bai kira sunana ba, kuma ban ƙara jin zafin hakan ba.

Ba na zagin al'adarmu. Mutanen da suka yi fulako ba marasa ƙauna ba ne, ƙaunar ce ta yi musu yawa har suke jin nauyin a gani. Abin da na gane kawai shi ne, wani lokaci mutum biyu suna tsaye a bakin ƙofa ɗaya, kowa yana jiran a ba shi dalilin shiga wanda ba zai ji kunya ba. Mu namu dalilin wauta ce tawa da kwalbar gam. In akwai wani naku da kuke kallo daga nesa, ku nemi ɗan aikin da hannu biyu ba sa isa, ku kai gabansa.

Kwalin da matata ta sauko da shi jiya, tayoyi ne cike, sun fi ƙarfin mota ɗaya nesa ba kusa ba. Ta farkon tana ciki, gam ya bushe ya yi fari a gefen rim, da shatin babban yatsansa a kai. Akwai kuma wata da Inna ta ba ni bayan an share makoki, ta ce a ƙarƙashin matashinsa ta same ta. Ya goge bakinta, ya saka soso ya zauna daidai, ya tura robar a kan rim, yana jiran Asabar in zo mu manna, kamar yadda muka koma yi bayan ya samu sauƙi. Matata ta ɗaga ta ta ce, "Wannan ai ba a manna ba. In kawo maka gam?"

Na ce ta bari. Ba ni da mai danne min.